Babur Ɗin Kakana

Waɗanda muke ɗakin kwana ɗaya da su sun sani, da muka komo Birnin Kudu daga dogon hutun shekarar 2024, na komo da baƙin mai a ƙarƙashin farce, har aka yi mako biyu ana yi mini ba'a ana kirana Bakanike. Na yi musu alkawari wata rana zan ba su labarin yadda aka yi. To, alkawari kaya ne, ga shi yau na zo in sauke.

Mu mutanen wani ɗan ƙauye ne a ƙasar Gwaram. Kakana na wajen uba, wanda duk gari ke kira Malam, malamin firamare ne. A shekarar 1976 Gwamnatin Tarayya ta soma shirin nan na ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda ake kira UPE, aka bubbuɗe makarantu a ƙauyuka, aka tura Malam wata makaranta mai nisa da gida. Ya yi shekara guda yana fama da keke cikin rairayi. Da abin ya ishe shi, sai ya haɗa ɗan abin da ya rage masa na ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya ma'aikata a 1975, da kuɗin gyaɗarsa, ya tafi Kano a 1977 ya sayo babur ja, Honda CG125. A wancan zamani ba a yi Jihar Jigawa ba, don sai a 1991 aka cire ta daga Jihar Kano. Tsofaffi sun ce ranar da ya shigo gari da shi, har mata sai da suka riƙa leƙe ta kan danga.

Malam ya rasu a 2012, ina ɗan shekara huɗu, Allah Ya jiƙansa. Tun kafin rasuwarsa babur ɗin ya tsaya, aka tura shi ɗakin da muke ajiye garma da fartanya. Ni dai tun da na yi wayo a can na san shi, tayoyi sun saɓule, tanki ya yi tsatsa, kaji sun mai da sirdinsa wurin saka ƙwai. Sau biyu 'yan gwangwan suna zuwa suna tayawa, kakata, wadda muke kira Inna, tana korarsu da muciya.

Ran nan, farkon hutu, muna zaune a zaure da yayana, wanda ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse, sai ya nuna mini hoton wani babur a wayarsa. Kai, ban taɓa ganin irinsa ba! Kansa ya sunkuya ƙasa kamar rago zai yi karo, tankinsa dogo siriri, sirdinsa ɗan ƙarami na mutum ɗaya, da ɗan tozo a baya kamar na sa. Babu kariya, babu madigadi mai tsawo, babu komai sai inji da taya. Na ce, “Yaya, wane kamfani ne ke ƙera wannan?” Ya yi dariya ya ce, “Ai wannan a gida ake yin sa. Tsohon babur ake samu a fige shi. Sunansa kafe-resa.”

Ni kuwa ban bar shi ya huta ba sai da muka binciko asalin abin. Ashe a Ingila ya samo asali, cikin shekarun 1950 da 1960. Samarin Landan ne 'ya'yan talakawa, waɗanda ba su da halin sayen mota, suke taruwa da dare a shagunan shan shayi na bakin hanya. Wanda ya fi suna cikin shagunan shi ne Ace Cafe, da aka buɗe a 1938 a kan babbar hanyar da ta kewaye arewacin Landan. Burin kowane yaro a cikinsu shi ne babur ɗinsa ya kai gudun mil 100 a sa'a, wato kimanin kilomita 160. Saboda haka sai su cire duk abin da ke ƙara nauyi, su saukar da kan babur ƙasa don mahayi ya kwanta a kan tanki iska ta wuce ta bisa bayansa. Waɗansu har sukan ɗauki injin Triumph su ɗora a jikin Norton, su haɗa sunayen biyu su kira shi Triton. Da na ji haka sai na ce, ashe dai babur ɗin 'yan teburin mai shayi ne, irin namu na bakin tasha. Tun daga wannan dare, in na rufe ido, ba abin da nake gani sai babur ɗin Malam ya zama kafe-resa.

Na kwana uku ina juya maganar kafin in tunkari Baba. Da ma shi ya sayar da nasa babur a 2023, lokacin da aka janye tallafin mai fetur ya yi tsada, gidan ya zauna ba abin hawa sai keke. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce ya yarda, amma da sharaɗi uku. Na ɗaya, ba zan taɓa sifana ba sai na dawo daga gona. Na biyu, ba zan hau titi da shi ba, don ba a ba ɗan ƙasa da shekara 18 lasin. Na uku, duk abin da zan yi sai ƙanensa, Baffa, wanda ke da rumfar gyaran babura a Gwaram, ya gani ya yarda. Na ce na ji, na amince. Amma maganar figewa da yankewa kam, na bar ta a cikina.

Muka turo shi gindin darbejiyar tsakar gida. Da Baffa ya zo ran Juma'a da yamma, ya taka kik, ya ji ko motsi ba ya yi, sai ya ce, “Fistin ya kama. Ɗana, wannan aiki na mai haƙuri ne.” Ya kwance fulogi, ya ɗura kananzir gauraye da baƙin mai ta ramin, ya ce in bar shi kwana uku, kullum in sa giya in riƙa jijjiga tayar baya gaba da baya a hankali. Ran na farko shiru, ran na biyu shiru. Ran na huɗu da safe, har na fid da rai, sai na ji wani ɗan ƙas, taya ta juya. Na yi tsalle har na zubar wa Inna da gero a turmi.

Daga nan muka shiga kwance-kwance. Baffa ya sa na tattaro gwangwanayen madara goma sha biyu, kowane na rubuta masa suna a jiki, don kada notin birki ya gauraya da na inji. Tankin kuwa, muka zuba masa ƙananan tsakuwa da kananzir, ni da ƙanena muka yi ta girgizawa har kafaɗunmu suka yi tsami, sa'an nan muka jiƙa shi da ruwan tsamiya mai kauri kwana biyu, muka ɗauraye, muka shanya a rana. Ruwan da ya fito ja wur kamar na kududdufi. Kabureta na wanke ta da fetur da tsohon burushin haƙori, na bi 'yan ƙananan ramukanta da silin waya guda, don rami ɗaya in ya toshe inji ba zai sha mai daidai ba. Baffa ya koya mini yadda ake daidaita bawul, a bar ɗan tsakani wanda bai fi kaurin takardar littafin rubutu ba, kuma sai inji ya huce ake yi. Nan na gane abin da malaminmu na kimiyya ke nufi da cewa ƙarfe yana buɗewa in ya ji zafi. A aji haddacewa na yi, a gindin darbejiya na fahimta.

Ba zan ɓoye muku ɓarnar da na yi ba. Wata rana Baffa bai zo ba, gaggawa ta ɗebe ni, na kama ɗaure notin murfin inji da iyakar ƙarfina, ina cewa kada ya yi yoyo. Sai ji na yi ƙarfen ya tsinke a ciki. Na zauna na rasa abin da ke mini daɗi. Da Baffa ya zo bai yi faɗa ba, sai ya ce, “Noti kamar yaro ne, in ka matsa masa fiye da kima sai ya karye.” Wannan ganganci ya ci mana kwana biyar da kuɗin ƙwadagon da na yi na ciran ciyawa a gonar riɗin maƙwabcinmu, don sai da muka kai wa mai walda a Gwaram ya ciro guntun. Ringi da gaskit da sarƙa kuwa, Baffa ya yi saƙo aka sayo a Kano, waɗansu tsofaffin kaya kuma aka samo a Ƙofar Ruwa.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda cikin injin ya rage garau bayan shekara 47. Yaya ya binciko dalili. Ashe a 1974 kamfanin Honda ya aika injiniyoyinsa su zaga ƙasashe irin su Tailan da Indunusiya da Pakistan, su ga yadda talakawa ke aiki da babur. Suka tarar ana ɗora wa babur ɗaya miji da mata da 'ya'ya da kaya, ga ƙura, ga shi ba a canja baƙin mai sai inji ya soma kuka. Da suka koma Japan sai suka ƙera inji mai sauƙin gyara, wanda zai jure wa wannan wahala, aka fito da shi a 1975. Shi ne CG125. Yaya ya karanta mini wannan, na ji da kunnena, amma hankalina na can wajen tozo da sunkuyayyen kai, ban tsaya na auna ma'anarsa ba.

Ran da muka cika mako huɗu, bayan sallar la'asar, muka zuba fetur lita ɗaya. Baffa ya ce ni zan taka. Na taka sau ɗaya, sau biyu, har sau tara, sai tari yake yi. A na goma sai ya kama, hayaƙi fari ya turnuƙe gidan, kaji suka watse, yaran unguwa suka cika zaure. Na waiga don in yi wa Inna kirari, sai na gan ta tsaye a ƙofar ɗakinta ta rufe baki da gefen mayafi, hawaye na zuba. Ta ce, “Wallahi muryarsa ce. Da wannan ƙara nake sanin Malam ya kusa gida in ɗora ruwan tuwo.”

Kashegari na ga lokaci ya yi. Don a sami siffar kafe-resa sosai, sai an yanke ƙarfen baya wanda dogon sirdi da kariya ke zaune a kai, a kuma yanke matakan mai goyo. Na ɗauko zarton ƙarfe daga jakar Baffa, na auna, na ja layi da alli. Har na ɗora zarto na ja sau biyu, fenti ya kankaru, sai na ji an ce, “Maigida, me za ka yanka ba bisimilla?”

Kun san wasan kaka da jika. Inna maigida take ce mini, ni kuma in ce mata amarya. Na ce, “Amarya, kwalliya zan yi masa irin ta Ingila.” Na nuna mata hoton. Ta karɓi wayar ta nisanta da idonta, ta duba, ta duba, sa'an nan ta ce, “To, su matan Ingila a ina suke zama?” Na ce ai na mutum ɗaya ne. Ta ce, “Af, ashe babur ɗin marowata ne.”

Ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna, ta dafa wurin da na ja layi. Ta ce a nan ta zauna ran da Malam ya kai ta asibitin Birnin Kudu tana fama da cikin Baffa. A kan wannan kariya aka ɗaure akwatin Baba ran da za a kai shi makarantar kwana. A nan ake ɗora buhun gero zuwa kasuwar Sara, a nan kuma Malam ke ɗauko yaran da suka gaji a hanyar makaranta, biyu a baya ɗaya a kan tanki. Ta ce, “Ban hana ka ba, kai ka tashe shi, ni ban iya ba. Amma ka tambayi kanka, in ka yanke, da me za ka mayar?” Ta tashi ta shige ɗaki.

Ni dai a lokacin haushi na ji. Na ce a raina tsofaffi ba su san zamani ba. Da Baffa ya zo na kai ƙara, ina tsammani zai goyi bayana. Ya dubi layin allin, ya sa babban yatsa ya goge, ya ce, “Ga dokar da za mu bi. Duk abin da sifana za ta kwance, kwance shi, gobe sifana za ta mayar. Abin da sai zarto, bar shi.” Na yi ta gunaguni, amma sharaɗi na uku ya ɗaure ni.

Haka muka yi. Muka kwance kan babur muka kifa shi, ya sunkuya. Muka kwance kariya da dogon sirdi. Kafinta ya yanko mana katako daidai ramukan notin asali, muka ɗora soso, muka yi tozo da gindin wani tsohon kwano, baduku ya lulluɓe da baƙar fata ya yi mata ɗinki layi-layi. Na so in fasa cikin salansa don ya riƙa ƙara, Baffa ya ce gidanmu na jikin masallaci. Tanki muka mayar masa da jansa na asali. Tsofaffin kayan kuwa, Inna ta sa na goge su, na zuba a buhu tare da notinsu, ta tura ƙarƙashin gadonta. Da Yaya ya zaga fili da shi, da hular kwano a kansa, samari suka yi ta tafi. Kaina ya kumbura, na ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu, illa dai wancan ƙarfen baya da ya yi zuru ba komai a kansa, yana ɓata mini tsari.

Saura kwana shida a koma makaranta, cikin dare, wajen ƙarfe ɗaya, sai kukan mahaifiyarmu ya tashe mu. Ƙanwata 'yar shekara biyar, wadda ta wuni da zazzaɓi, jikinta ya yi zafi kamar garwashi, ta soma sanƙarewa, idanu sun kafe. An yi ruwa da magariba, hanya duk taɓo. Baba ya ruga gidan maƙwabcinmu mai acaɓa, aka ce ruwa ya tare shi a Sara bai dawo ba. Duk unguwar babu abin hawa mai inji sai babur ɗin Malam, ga shi kuwa da sirdin da ko mutum ɗaya da ƙyar yake ɗauka.

Ban san lokacin da na faɗa ɗakin Inna ba. Kafin in yi magana har ta jawo buhun. Ƙanena ya riƙe tocila, Yaya ya kwance ƙaramin sirdi, ni na ɗora dogon, hannuna na rawa har noti ya faɗi cikin taɓo sau biyu. Ba mu fi minti goma ba. Matakan mai goyo suna nan inda Malam ya bar su. Yaya ya taka sau ɗaya ya tashi, mahaifiyarmu ta hau baya rungume da yarinyar, Baba ya bi su a keke. Na tsaya a ƙofar gida ina kallon jar fitilar baya har ta ɓace. Sai a lokacin na tuna da layin allin nan, gwiwoyina suka yi sanyi, na zauna a dakali. Da na ja zarton nan sau hamsin maimakon sau biyu, da a daren nan sai dai a goya yarinyar a keke cikin taɓo.

A asibitin Gwaram aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya yi tsanani, aka yi mata allura aka sa mata ruwa. Ma'aikacin da ya karɓe su ya ce an yi sa'a da aka kawo ta da wuri. Kwananta uku aka sallamo ta, yanzu haka tana aji ɗaya a firamare, alhamdu lillahi. Inna ba ta taɓa ce mini “ai na faɗa maka” ba. Abin da ta ce kawai, ran da aka dawo da yarinyar, shi ne, “Maigida, sannu da aiki.” Hausawa sun yi gaskiya da suka ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Yaya kuma ya dawo yana kukan wuyan hannu. Ya ce sunkuyayyen kai na titin kwalta ne mai santsi, a cikin taɓo da rairayi kuwa saura kaɗan ya kayar da su. Saboda haka muka sake shawara. Muka sa masa kai madaidaici, bai yi sama can ba bai kuma kife ba. Dogon sirdi da kariya suka koma wurinsu, su ne na kullum. Ƙaramin sirdi mai tozo yana rataye a ƙusa cikin zaure, sai ran Salla Yaya ke ɗaura shi ya zaga gari, kafin magariba a mayar da na Malam. Abokaina suna tsokanata, wai na yi kafe-resa na yini ɗaya a shekara, na ce a'a, yini biyu ne, don Salla biyu ce.

Har yanzu ina sha'awar kafe-resa, kuma in Allah Ya ba ni rai da hali, zan nemi wani tsohon babur wanda ba wanda ke jiransa, in fige shi yadda nake so. Amma na gane samarin Landan sun gyara nasu ne don bukatarsu, su kaɗai a kan titi mai kyau, ga motar asibiti in an yi rashin lafiya. Mu a ƙasar Gwaram babur shi ne motar asibitinmu, shi ne jakinmu, shi ne motar kai amarya. Mutanen Japan ma da suka ƙera shi sun san da haka tun 1974, ni jikan mai shi ne na kusa mantawa.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, in kuna da tsohon babur ko keke ko keken ɗinki da ke kwance a gida, kada ku bari a sayar wa 'yan gwangwan a kilo. Ku nemi izini, ku nemi wanda ya iya ya tsaya muku, ku kwance ku gani, za ku sami ilmin da ba ya cikin allo. Amma kafin ku ɗora zarto a kan kowane abu da kuka gada, ku tambayi tsofaffin gida ko wane ne ke zama a wurin. Iyayenmu kuma ina roƙonsu, in yaro ya zo da irin wannan buri, kada a kore shi da tsawa, a yi masa irin ta Baba, a ba shi dama a kuma gindaya masa sharaɗi.

Tabon zarton nan guda biyu yana nan a ƙarfen baya, ƙarƙashin sirdi. Baffa ya so ya shafe shi da fenti, na roƙe shi ya bar mini. Allah Ya jiƙan Malam, Ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana, Ya ba mu sa'ar jarrabawa baki ɗaya, amin.